Nonon da Na Ba Aziza

Agege, Legas

Yaya Shu'ibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Yaya ƙafar Inna? Na ji ruwa ya sake cinye shinkafarku a Auyo, Allah ya mayar da alheri. Ni lafiya lau, ana sayen tuwo, hankalina ne dai ba a kwance ba.

Ƙanwarmu Ma'u ta ce an auna 'yarka Aziza a asibiti an sami ƙanjamau, ka kulle ta a ɗaki sai ta faɗi sunan namijin. Yaya, babu wani namiji. Ni ce.

Ka tuna da uwar Aziza ta rasu wajen haihuwarta, ban yi sati da binne ɗana Haris ba, nono yana ta zuba. Na shayar da ita shekara biyu. Ciwon da ya kashe mijina, wanda muka ce iskar kogi ce, ashe shi ne. Sai a nan aka auna ni, shekara tara ke nan ina shan magani. Kunya ta rufe mini baki, ina cewa wataƙila ta tsira.

Tun da na ji labarin, da rana tsaka ina tuƙa tuwo sai in ji kukan jariri a cikin randa. In na leƙa, ruwa ne kawai, yana warin fadama. Jiya na tarar da gaban rigata a jiƙe.

Don Allah ka buɗe mata ƙofa, ka kai ta karɓar magani, mai shan sa yana rayuwa. In dole sai an ji suna, ka faɗi nawa.

Ƙanwarka,
Adila