A Karanta Sunana, A Bar Mana Ɗakin Laraba

Zuwa ga Alhaji Ɗanjuma Isa,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Fatake,
Xiaobei, Guangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan an sha ruwa lafiya an yi sallah lafiya, ina gaishe ka da hidimar jama'a, kai da dattawan da ke zaune tare da kai. Ni ne Sabi'u Lawan, ɗan Fagge, mai ofis a ginin Tianxiu, inda nake haɗa wa mutanen Kano da Maraɗi kaya ina loda musu a kwantena. Ba baƙo ba ne ni a wurinka. Kai ka tarye ni shekarar da na sauka garin nan da jaka ɗaya, ko gaisuwar Sinawa ban iya ba, a ɗakinka na yi kwana goma sha biyu. Sau biyu na zo ofishinka a kan maganar nan, aka ce min kana kasuwar Shahe. Shi ya sa na rubuto, kuma zan liƙa kwafi a bakin ofishin ƙungiya, domin abin da aka yi mana a gaban mutane aka yi shi.

Maganata a kan ɗakin Laraba ce, wato ɗan ɗakin nan na bayan ofis da kuka ba Malama Rabi aro, take zama da masu fama da damuwa duk ranar Laraba da yamma. Na ji kwamiti ya yanke a rufe shi ƙarshen watan nan a mayar da shi ma'ajiyar samfur, wai ba mai zuwa. Gaskiya ne, ba mai zuwa sai ni da iyalina. Ina so in tuna wa kwamiti dalili, tun da na ga ya manta.

Na ɗaya. Yadda aka yi na shiga ɗakin.

Kowa ya san halin da muka shiga kafin wasannin Olamfik. Biza ta yi wuya, ka je sabuntawa a ɗago ido a ce maka meiyou, babu. Masu saye daga gida suka ɗauke ƙafa. Kasuwar Guangyuan, inda da ba ka samun wurin taka ƙafa, ta zama masu shago suna barci a kan diloli. Ni takarduna lafiya ƙalau suke, amma kaina bai zauna lafiya ba. Barci ya ƙaurace min, abinci ba ya wucewa, ƙirjina kullum kamar an ɗora min dilar atamfa. Na zama mafaɗaci. Madam Chen, wadda take yi min takardun kwastan shekara huɗu ba ta taɓa ɓata min ko ɗaya ba, na yi mata tsawa a gaban baƙi har ta yi kuka. Ni Sabi'u, da ake cewa ina gane mai kwali daga ɗaurin igiyarsa, na loda takalman mutumin Yamai a kwantenar Kano. A gida kuwa, ni da Hadiza matata muka yi mako uku ba abin da ke haɗa mu sai ga abinci, na ƙoshi. Wata rana da hantsi na tsaya a kan gadar Xiaobei ina kallon motoci suna wucewa a ƙasa, wani tunani ya zo min wanda ba zan rubuta shi a takarda ba. Allah ya tsare. Ranar ce na gaya wa Hadiza, ita kuma ta saka hijabi ta ce sai mun je wurin Malama Rabi.

Na tafi ina hura hanci. A raina na ce wai ni za a zaunar, wata 'yar Maraɗi da ke karatun halayyar ɗan'adam a jami'a ta koya min zaman duniya? To, ta koya min. Ba ta ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Tambayoyi ta yi ta yi: awa nawa nake barci, kofin shayi nawa nake sha, yaushe rabona da tafiyar ƙafa da ba ta kasuwa ba, sallar da nake yi ina natsuwa ko dungurawa nake, yaushe rabon da in kira mahaifiyata ba don aike ba. Ta tura ni asibiti aka auna ni, ashe jinina ya hau ban sani ba. Azkar ɗin da malamina ya ba ni ta ce in riƙe shi da hannu biyu. Ta sa na fara kashe wayoyina bayan isha, ta ce mutanen Kano ba za su mutu kafin gari ya waye a nan ba.

Ta zaunar da ni da Hadiza, da doka ɗaya: idan ɗaya yana magana ɗayan ya kama bakinsa har a kai aya. Wallahi, Alhaji, a ranar na gane matar nan tawa shekara uku tana garin da ba ta da abokin hira sai ni, ni kuma na kulle baki. Na ji kunyar kaina, na ji tausayinta. Daga baya Malama Rabi ta taka har ofishina, ta yi mana tafinta ni da Madam Chen, na ba ta haƙuri yadda ya kamata, muka sake tsara aiki: ita ke duba lambar kowane kwali kafin in sa hannu, kuma ranar Lahadi ba mai buɗe ofis. Bayan wata ɗaya Madam Chen ta dube ni ta ce laoban, wato maigida, ya dawo daga tafiya.

Na biyu. Abin da aka yi mana.

Malama Rabi ba ta rubuta sunan kowa, ta faɗa mana haka tun ranar farko. Amma sakataren ƙungiya yana da littafin da duk mai shiga ofis yake sa hannu, kuma ba a isa ɗakin sai ta ofis. Juma'ar farko bayan ƙaramar sallah, muna zaune wurin cin abincin da muke taruwa idan an sauko daga masallaci, sakatare ya miƙe kamar yadda aka saba, domin karanta sunayen marasa lafiya a yi musu addu'a a raba masu zuwa dubiya. Ya karanta wanda ya karye a ƙafa, ya karanta wanda ke kwance da zazzaɓi. Sannan ya gyara murya ya ce akwai kuma 'yan'uwanmu masu lalurar ƙwaƙwalwa, ya jero mutum tara. Sunana ne na uku. Tsokar rago na hannuna, na rasa in kai ta baki ko in mayar da ita faranti. Aka shafa fatiha, kai ma ka shafa.

Ban ce da mugunta aka yi ba. Al'adar nan tamu ce kuma ina alfahari da ita. Shekarar da aka yi min aikin ƙaba, mutanenmu sun cika ɗakin asibiti har ma'aikatan jinya suna tambaya ko ni sarki ne a garinmu. Amma mai karaya ba ya rasa abokan ciniki don an ce ya karye. Mu kuwa an san abin da mutanenmu ke ji idan aka ambaci ƙwaƙwalwa.

Na uku. Dubiyar da na sha.

Washegari aka cika min ofis. Lemo, ayaba, madarar gwangwani, har da mai kawo rubutu a gorar ruwa. Wani bawan Allah da muka yi shekara biyar muna cin abinci kwano ɗaya ya sunkuyo kusa da kunnena yana ɗaga murya, yana tambayata a hankali ko na gane shi. Na ce masa na gane shi sarai, har da kwalayensa biyu da suka yi wata uku suna tare min hanya. Wani kuma yana yi min sannu, hannunsa yana janye wuƙar yanka kwali daga kan teburina, yana zaton ban gani ba. Haba jama'a!

Kafin kwana uku labari ya riga kwantena isa Kano. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka, wai an ce mata ina yawo babu riga a titunan Sin. Yayan Hadiza ya bugo ya ce ta tattaro kayanta ta taho kafin in yi mata lahani. Mutum biyu a kasuwar Kwari da suka yi shekaru suna aiko min da odar kaya suka koma wurin wani. Wannan ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Amma Hadiza ta ba yayanta amsa a gabana. Ta ce masa mijin da ya kamata a ɗauke ta daga hannunsa shi ne na watannin baya, lokacin kuma ba wanda ya kira, wannan na yanzu kuwa ba ta taɓa samun irinsa ba. Na tashi na shiga banɗaki don kada ta ga idona.

Na huɗu. Wanda abin ya fi shafa.

Ni na iya ɗauka, don na riga na samu sauƙi kafin a karanta. Sauran takwas ɗin fa? Tun daga Juma'ar nan ko ɗaya bai sake taka ɗakin ba. Wasu sun daina zuwa taron ma gaba ɗaya. Akwai ɗaya a cikinsu da muke haɗuwa a kan bencin ƙofa, shi yana jira ni ina fitowa. Ba mu taɓa tambayar juna abin da ya kawo mu ba, gaisawa kawai muke yi. Ba zan faɗi garinsu ko sana'arsa ba, abin da aka yi masa ya isa. Na ga fuskarsa ranar da ya fara zuwa, irin tawa ce ta kan gada. Na kuma ga ranar da ya fara murmushi. Yanzu ya daina ɗaga waya, Malama Rabi ta kira, ni na kira. Ranka ya daɗe, ina jin tsoro a kan mutumin nan, kuma saboda shi nake wannan rubutu, ba don oda biyu da na rasa ba. A irin wannan hali ne kwamiti ya duba ya ga ɗaki babu kowa, ya ce a zuba kwalaye.

Na biyar. Ni ba na jin kunya.

Wasu sun ba ni shawara in miƙe a taro in ce kuskure aka yi, rakiya na yi wa wani. Ba zan yi ba. Na je da ƙafata, kuma cikin abubuwan da na yi a garin nan babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan. Na fi alfahari da shi a kan kwantenar farko da na loda da sunana. Na tsallako ƙasashe na koyi ciniki da yaren da ba na iyayena ba, ba wanda ya ce min ragon namiji. To ranar da kaina ya yi nauyi na nemi wanda ya san aikin, kamar yadda nake neman mai gyara idan na'urar ɗaure kaya ta tsaya. Yau ina barci, ina cin abinci, jinina ya sauka. Ni da Hadiza muna zagaya bakin tafki da ƙafa bayan la'asar, tana ba ni labarin matan Shahe ina dariya. Tun da muka sake tsari kwali ɗaya bai ɓace a ofishina ba. Ina kuma alfahari da cewa mai wannan aiki tamu ce, da Hausa take yi, kuma ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Ƙungiyar da ke da irin Malama Rabi kamata ya yi ta riƙa nuna ta ga baƙi.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

A janye maganar rufe ɗakin. Samfur yana da wurin zama, ni zan ba da kusurwa a ofishina kyauta.

A ba Malama Rabi mabuɗin ƙofar baya, mai zuwa ya shiga ba tare da ya bi ta gaban teburin kowa ba. Shafukan Laraba na littafin sakatare a yage su a ƙone a gabanta.

Kai da kanka, Alhaji, ba sakatare ba, ka miƙe ranar Juma'a ka ce an yi kuskure, kuma daga yau ba za a karanta sunan mutum ba sai an tambaye shi. Kada ka sake jero sunayen wajen ba da haƙurin, don Allah. Na san nauyin bakinka a wurin mutanenmu. Idan ka ce zuwa ɗakin nan ba hauka ba ne, kafin kwana uku shi ma zai isa Kano.

Idan kuwa dole sai an samu sunan da za a karanta domin mutane su san ɗakin yana aiki, to ga nawa. Sabi'u Lawan. A karanta shi duk Juma'a, na yafe, a haɗa da cewa yana zuwa kuma ya ji daɗi.

Kai kuma ɗan'uwana na kan benci, na san za ka bi ta wurin nan idan mutane sun ragu, ka tsaya ka karanta. Ranar Laraba ƙarfe huɗu ina nan, ni da Hadiza da Malama Rabi. Idan ɗakin a buɗe yake, za mu shiga. Idan mun tarar an cika shi da kwalaye, za mu fito da bencin mu zauna a bakin ƙofar baya. Ba zan tambaye ka komai ba, kamar yadda ban taɓa tambaya ba. Zan dai bar maka gefenka, kuma ba zan tashi ba sai an kira magariba.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon gyara abin da ya ɓaci a hannunka, ya saka maka da alherin kwana goma sha biyun nan da ban manta ba. Allah ya buɗe mana kasuwa, ya ba duk mai ɗauke da nauyi a ƙirji sauƙi, wanda muka sani da wanda ya ɓoye.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u Lawan,
na uku a jerin sakatare.