Na Fasa Tukunyar Lallenki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, 'yarki Binta ce, da labarin da na so a ce da bakina na faɗa miki.

Kin tuna lallen nan naki? Gidan haya huɗu muka zauna a Funtua, kuma duk tashin da za mu yi, ke kike rungume tukunyarsa a bayan a-kori-kura. In na ce ki dasa shi a ƙasa mana, sai ki ce, "Ƙasar wa? Ranar da mai gida ya ce mu tashi fa?"

Ban manta lokacin da aka ba mu mako biyu mu tashi ba, wai ɗan mai gida zai yi aure. Ba ki yi kuka ba. Kin dai daɗe kina share tsakar gidan da ba namu ba.

To Inna, tun rasuwar mahaifin yaran nan ni ke fama da haya. Bana masarar da na ajiye a Bakori ta yi kasuwa. Ƙanenki Kawu Sale ya zo har gida da shawara: in sayi shaguna biyu a bakin titi, hayarsu ta riƙa biya mini tawa, har da rara. Wallahi gaskiya ya faɗa. Ni ma 'yar kasuwa ce, in na ga riba ina gane ta. Har na sa ranar zuwa ganin shagunan.

Da safiyar ranar ina ba lallen ruwa, sai na ga tukunyar ta tsage, saiwa ta leƙo tana neman ƙasa. Shekara uku da rasuwarki, ashe ni ma yawo nake ta yi da shi.

Ban je ba. Fili na saya a hanyar Maska, na yi ɗaki biyu da katanga. Ko shafe ba a yi ba, ruwa ma sai maƙwabta. Kawu har yau cewa yake na binne kuɗi. Eh, na binne, amma a ƙasata! Ina alfahari, Inna, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar Juma'a na fasa tukunyar, na dasa shi a tsakar gida, gefen randa. Jikarki mai sunanki ta tsaya tana kallo, ta tambaye ni yadda za mu ɗauke shi in za mu tashi. Sai da na share ido kafin na iya gaya mata ba za mu tashi ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya ba ki gida a Aljanna, inda babu mai ce miki ki tashi.

'Yarki mai kewarki,
Binta, daga gidanmu.