Kwalabe Masu Hoton Zakara

Misfala, Makka, Muharram 1372

Yaya Rakiya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, bayana ma ya kusa warkewa.

Alhaji Mukhtaru ya kawo kwalabe shida masu hoton zakara daga ɗanki Ja'afaru, wai in cika muku da zamzam. Ban san na giya ba ne sai da askar, wato ɗan sandan nan, ya shinshina ɗaya a ƙofar Harami. Na sha bulala.

Mukhtaru ya ce samarin unguwarmu sun bar burukutu sun koma wa zakaran nan, wai wayewa, kuma Ja'afaru ke tallarsa a keke.

Yaya, askar ya rubuta sunan Ja'afaru. Kada ki zo da shi hajji baɗi.

Allah ya tsare.

Ƙaninki,
Tsoho