Wata Biyar Ba a Ɗora Tukunya a Gidan Dogo Ba

Zuwa ga ƙanwata, Goggon yara,

Ina yi miki sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ciwon gwiwar da kika sha fama da shi bara ya tafi ke nan. Mu ma nan sai godiya. Idona na hagu ne ya fara yi mini gardama, sai na yi ta lallashin zare kafin ya yarda ya shiga allura, amma keken ɗinki bai tsaya ba. Yayarmu tana nan, kunnen ya ƙara nauyi, bakin kuwa ko kaɗan bai ragu ba. Ta ce in gaya miki har yanzu tana jiran man zafin da kika yi mata alkawari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Wayata tana shagon ɗana Dogo, ɗan riƙonki, sati uku ke nan, wai ana gyara. Mutumin da ke gyara wayar baƙo kafin baƙon ya gama zama a benci, shi ne tawa ta gagare shi. Riƙe ta ya yi, don ya san wadda zan kira. Shi ya sa na ba direban motar kaya da ke bi ta wajenku wannan takarda.

Kin san ciwon cikin da ya daɗe yana damun Dogo. To, wata biyar da suka wuce ya ci karo da wani mutum a cikin waya, mai farin haƙori da zaƙin baki, yana cewa wuta ce ke kashe abinci, duk abin da ya taɓa tukunya gawa ne. Dogo ya gwada ɗanyen abinci sati biyu, cikin ya lafa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ya kyautar da tukunyar gas, ya kife tukwane a kan kabad, ya ce gidansa abu biyar za a riƙa ci: ayaba, karas, kokwamba, dabino da ɗanyar gyaɗa. Na tambaye shi me ya sa biyar, ya ce ciki ba ya son taron jama'a. Na ce masa ko akuyar maƙwabcina ta fi haka samun canji, bai yi dariya ba.

Da shi kaɗai ne, wallahi da na zuba masa ido. Namiji ne mai gemu, in ya ga dama ya ci ganyen bishiya. Amma matarsa tana shayarwa, kuma 'yarsu, takwararki, watanta takwas, ta isa fara cin abinci. Abin da ake ba ta bayan nono shi ne ayaba da aka murje da cokali, safe ayaba, rana ayaba. Nonon ma ya ja baya. Yarinyar da kika gani a hoto da kumatu kamar an hura, yanzu idanu ne kawai a fuskar, kukanta ma ba ya fita ƙofar ɗaki.

Na matsa har aka kai su awo, ni na raka su. Malamar asibitin ta ja fatar idon uwar ƙasa, ta kira ni in gani: fari fat, kamar takardar nan. Ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ta nuna mini katin awon yarinya, layin da ya kamata ya riƙa hawa ya kwanta, har ya fara sunkuyawa. Matar nan ba ta zagi kowa ba. Ta ce ɗanyen kayan lambu abu ne mai kyau, amma waɗannan biyar ba za su gina jini da tsoka ga mai shayarwa da jaririya ba. Ta ce suna buƙatar ƙwai da wake da kifi da madara, kuma ƙwai da wake ba a ba jariri su ɗanye. Ta ba da ƙwayoyin ƙarin jini. Dogo ya karanta kwalin gaba da baya, ya ce su ma ta wuta suka bi a masana'anta, ya ɗora su can saman kabad kusa da tukwanen.

Na yi masa magana ta hankali, na yi ta faɗa. Shi kansa ya huda sabbin ramuka biyu a bel ɗinsa, yana sa rigar sanyi da tsakar rana, amma ya ce dattin jiki ne ke fita. A tatsuniyoyin da kakarmu ke yi mana, yunwa daga waje take zuwa, ko fari ko fara. Ban taɓa jin wadda maigida ya je ya gayyato da kansa ba, ga kasuwa cike a bakin titi.

Yanzu bari in faɗa miki wautar da na yi, gara ki ji daga bakina. Kin san matar Dogo tana taya ni ɗinkin maɓalli a gida. Sai na fara dafa ƙwai a butar lantarki ta shago, in zura uku ko huɗu cikin aljihun rigunan da zan aika mata. Ta ci, ta murje wa yarinya gwaiduwa, ta dawo mini da ɓawon a cikin ƙyalle. Kwana goma sha biyu muna haka, har na ga ta fara ɗaga kai in na gaishe ta. Ranar ta sha uku, da hannuna na zuba ƙwan a aljihun rigar da na ɗinka wa Dogo kansa, don yadin iri ɗaya ne da na wani mai kawo mini ɗinki. Ya dawo gida da wuri, ya ga rigarsa, ya sa. Kin kuma san shi, tun yana yaro abin da yake fara dubawa a riga aljihu ne, wai ba na yi masa mai zurfi.

Bai yi ihu ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zo shago ya jera ƙwai huɗu a kan teburin keke, a gaban masu jiran ɗinki, ya ce bai taɓa zaton ubansa zai shigar masa da guba gida ba. Hawaye yake yi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ƙanwata: yaron nan ba mugunta yake yi ba. Da hannunsa yake kankare mata karas, ya wanke sau uku, ya zaɓo mata dabino mafi laushi. Ya yarda har zuciyarsa cewa ceton su yake yi. Daga ranar ya hana a kai mata aiki daga wajena.

Talatar da ta wuce maƙwabciyarsu ta shigo shagona ba ko sallama. Ta ce matar Dogo ta faɗi a wajen shanya, da goyo a bayanta, Allah ne ya sa ita tana kusa ta tare kan yarinyar kafin ya bugi siminti. Na je, na tarar da ita zaune a dakali, leɓe a bushe. Na ce ta tashi in kai ta gidan Yayarmu ta yi ko sati biyu, ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta tona wa mijinta asiri ba, kuma ya ce mata saura wata ɗaya jikinta ya saba. Ni ban ga wata ɗaya a jikin yarinyar nan ba.

Shi ya sa na zo gare ki. Ke kika riƙe shi bayan rasuwar uwarsa, ke kaɗai ce bai taɓa ɗaga wa ido ba. Ki kira shi a lambar shago, in kuma gwiwa za ta bari, ki zo da kanki, ya fi. Kada ki fara da faɗa, in aka yi masa faɗa ƙara kafewa yake yi, halin gidanmu ne. Kada ma ki taɓa karas ɗinsa, ya ci har ya gaji. Ki roƙar mana abu kaɗan: a sauko da tukunya ɗaya domin uwa da 'ya, a sauko da maganin nan. In ya tambaya wa ya gaya miki, ki ce ni ne, na gaji da ɓoye-ɓoye. Malamar asibiti ta ce a dawo da yarinya Alhamis ta sama, in nauyin ya sake raguwa gado za a ba su. In ranar ta zo ban ji daga gare ki ba, zan ɗauki risho da tukunya in shiga gidan in dafa a tsakar ɗakinsa, ko da ba zai sake kira na Baba ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina yi masa fatan alheri a sabon wurin aiki. Ki gai da Babba da matarsa, da 'yan biyu, da Auta mai karatu, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Yayarmu ba ta san komai ba tukuna, kada ki faɗa mata ta waya.

Jiya maƙwabciyar ta kawo mini 'yar rigar da na ɗinka wa takwararki wata biyu da suka wuce, ta ce zamewa take yi daga kafaɗa. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a, kullum kayan yara buɗa su ake kawo mini in yi. Jiya na fara rage rigar jariri, kuma ta jikata ce. Ki taimake ni, don Allah.

Ni ne yayanki,
Tsohon tela.