Tarwaɗar da Na Jefa a Akwatin Kifinka

Zuwa ga Malam Istifanus, tsohon maƙwabcina kuma abokin aikina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Maman Saratu da yara, da jikoki in Allah ya kawo. Garba ne na Haɗeja, wanda katanga ɗaya ta raba gidanka da nasa, wanda ka laƙaba wa Sarkin Ruwa. Rabona da labarinka tun da ka tattara ka koma gida Filato, yau sama da shekara talatin. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko wani zai kai maka. Kunyar da zan sha a gaban jama'a kuwa, ni na jawo wa kaina.

Maganar kifayenka ce, Malam. Na yi maka ƙarya a kansu.

Na san ba ka manta akwatin gilashin nan da ka haɗa da hannunka ba, kana malamin kimiyya a makarantarmu ni ina koyar da Hausa. Garin da kifi ke cika kasuwa har a rasa mai ɗauka, sai ga mutum ya ajiye shi a falo don kallo kawai! Ranar da na fara gani dariya na yi har da riƙe ciki. Ubana masunci ne, kakana masunci ne, a wurinmu kifi ko a koma, ko a banda, ko a tukunya.

Guda shida ne, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. 'Yan kifayen ƙasar waje masu ratsi-ratsi, da ɗan gashin baki irin na ƙurungu, kullum suna ƙasa suna tonon yashi. Sunansu na Turanci ya ƙi zama a bakina, sai na sa musu 'yan gemu, sunan kuma ya bi su har gidanka. Wani lokaci ɗaya ya kwanta a gefe kamar ya mutu, in yi salati, kai kuwa ka ce barci yake, in ƙyale shi.

Ka ce mini a Kano ka samo su, wurin wani mai kiwon kifin ado. Masu sha'awar abin duk sun ƙi su, wai an haɗa iri biyu ne aka same su, ba su zama wannan ba, ba su zama wancan ba, ɓata asali ne. Kai ka ɗauko su. Abin da ka riƙa faɗa yana kunnena har yau: "Su ba su zaɓi iyayensu ba, Sarkin Ruwa. A ba su ruwa mai kyau a ga ikon Allah."

Ni kuma na samu abin musu. Kusan kullum bayan la'asar muna kan tabarma a ƙofar gidanka, ina cewa barbarar yanyawa ba ta ƙarko, ba za su ga damina biyu ba. Kai kana kawo littafi, ni ina kawo kakana. Maman Saratu takan leƙo ta ce a dube mu, manyan banza, ana faɗa a kan kifin da ba zai cika cokali ba. Wallahi musun nan yana yi mini daɗi, kuma a ƙasan raina ina so in ci.

Suka ga damina biyu. In an ɗauke wuta, ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya, sai ka zauna da moɗa kana ɗiban ruwan kana zubawa daga sama har hannunka ya gaji. Na gan ka da idona, ba sau ɗaya ba.

Dogon hutu ya zo, za ku tafi gida. Ka miƙo mini makulli da takarda, ka rubuta komai: abinci kaɗan, a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, kada a saka musu komai a ciki. Har ka ja layi a ƙarƙashin na ƙarshen. Na ninke takardar na sa a aljihu ina cewa a raina, ɗan masunta ake rubuta wa yadda ake riƙon kifi?

Sati biyu ruwan ya fara kore, gansakuka ta kama gilashi, don ni hannuna ba ya iya ba da abinci kaɗan. Ka san al'adarmu a nan: in ana son rijiya ta zauna da tsabta, 'yar tarwaɗa ake jefawa, ta cinye ƙwari da tsutsa. Haka na tashi na gani a gidanmu. Lokacin kogi ya cika ya malala fadama, 'ya'yan tarwaɗa ko'ina. Na karɓo ɗaya wurin ɗan'uwana a bakin ruwa, tsawonta kamar tafin hannu, na sake ta a akwatinka ina jin na yi maka gwaninta. Washegari aikin shinkafa ya kira ni Kirikasamma, na bar wa maiɗakina makulli ta riƙa watsa musu abinci.

Kwana tara na yi. Da na dawo na buɗe falonka, sai na tarar da tarwaɗar ta yi ɓul-ɓul tana shawagi ita kaɗai. Na ɗaga duwatsun da ke cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya. A cikin guntun bututun da suke ɓuya na sami guda, wutsiya a yage, yana numfashi da ƙyar. Bai kai magariba ba.

Innalillahi. Ni da na san tarwaɗa tun ban san karatu ba! Na san ba ta barin abin da ya shiga bakinta. A rijiya ba ta da maƙwabci ne shi ya sa muke yabonta, wannan ɗan tunanin kawai ya gagare ni saboda girman kai.

Da a nan abin ya tsaya, da kuskure ne, kai kuma mai yafiya ne. Amma na kamo ta a bokiti, na zagaya na jefa ta rijiyar gidana, na wanke akwatin tas, na hana maiɗakina magana. Da kuka dawo na tare ka tun a ƙofa da fuskar jaje. Na ce haka kawai suka riƙa mutuwa ɗaya-ɗaya, na yi iya yina. Har na ƙara da cewa dama irin haɗe-haɗen nan ba su da ƙwari.

Ka daɗe tsaye gaban akwatin, jakarka ba ka ma ajiye ba. Sannan ka juyo ka ce: "Ashe gaskiyarka ce. Ɗan masunta ya fi mai littafi." Har godiya ka yi mini kan wahalar da na sha.

Na ci musun, Malam. Ban taɓa cin abin da ya tsaya mini a wuya irinsa ba.

Daga nan ba ka ƙara kiwon kifi ba. Na ji ka da kunnena kana gaya wa wani malami cewa masu ƙin irin nan suna da hujja, kai ne ka yi taurin kai. Ina zaune a wurin, na bar maganar ta wuce a haka. Hirar la'asar ma ta mutu, don babu sauran abin musu, ni kuma ba na iya haɗa ido da kai sosai. Ƙila ka ɗauka wani laifin ka yi mini.

Ranar da za ku tashi, mota ta cika da kaya, ka rungumo akwatin da kanka ka kawo har zaurena. Ka ce wurin wanda ya san kifi ya fi dacewa ya zauna.

Tarwaɗar nan ta yi shekaru a rijiyata. Lokacin da ruwan famfonku ya ɗauke, daga rijiyar nan Maman Saratu take aiko a ɗebo muku. Akwatin kuwa yana ɗakina har gobe, ban taɓa zuba masa ko ɗigon ruwa ba. Jikokina suna tambaya na mene ne, in ce na wani aminina ne, ajiya ya ba ni.

To ga gaskiyar, ko da ta makara. 'Yan gemunka lafiyarsu ƙalau. Haɗin iri bai kashe su ba, da an ba su ruwa mai kyau kamar yadda ka ce, da sun tsufa a hannunka. Kai ne mai gaskiya tun farko. Ni na ci amanarka, na kuma ɗora wa bayin Allah laifin asalinsu don ba su da bakin kare kansu.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Na tsufa, gwiwa ta fara ƙi, ba na so in tafi da wannan.

Allah ya sa kana raye wannan ta iso gare ka. Allah ya ba ka lafiya da tsufa mai kyau, ya albarkaci zuriyarka, ya haɗa ka da maƙwabtan da suka fi ni riƙon amana. In da rabon mu gana, Allah ya sa in iya kallon idonka. Amin.

Naka har kullum,
Garba.
In ka amsa, kira ni da sunana kawai. Sarkin Ruwan nan ban cancance shi ba.