Wushiryar Jitar Musaddiƙ

Lahadi, 25 ga Mayu, 2025

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar ƙanena Musaddiƙ. Inna ta kore ni shago, wai zaman gida ba ya dawo da mamaci. Na je na zauna gaban ƙofar da na fara haɗawa kafin abin ya faru, ko zarto ban ɗaga ba. Wannan littafin na awon ƙofofi da tagogi ne. Ga abin da ya koma.

Bayan la'asar Muhammadu Lawal ya iso daga Babura, abokin kiɗansa, rungume da jitar lantarkin marigayin a cikin tsohon bargo. Ranar da suka taso daga biki a Kanya Babba ita ta shiga bas da sauran kaya, shi Musaddiƙ ya hau babur don ya riga su gida. Ita ko ƙwarzane babu. Shi da wayarsa kuwa...

Na karɓa na jingine ta bayan ƙofar shago. Ban buɗe bargon ba.

Talata, 3 ga Yuni

Na buɗe.

Shekara tara ke nan da ya sayo ta a Maraɗi, ya dawo yana washe baki kamar an ba shi Makka. Tun ranar na lissafo masa aibobinta. Bakin ƙarafan wuyanta da kaifi, suna yanka yatsa. Ramin da ake cusa waya yana girgiɗi. In an haɗa ta da sifika sai ta riƙa gurnani, alamar wanda ya liƙa dalmar cikinta barci yake ji. Duk waɗannan ya bar ni na gyara a hankali. Abu ɗaya ya hana ni taɓawa.

Ƙananan ƙarafan nan da ke gicce a wuyan jita, waɗanda ake danne tsirkiya a kansu, shi haƙora yake kiransu. Ƙa'idarsu tazara ta riƙa raguwa daga sama zuwa ƙasa. Tasa kuwa haƙori na huɗu ya matso sama, ya bar fili tsakaninsa da na biyar. Tun daga kamfani aka yanka ramin a karkace. Ni da ido na gani, ba sai da tef ba. Na ce kawo in cire in mayar da shi gurbinsa, aikin rabin yini ne. Ya ƙwace abarsa ya ce, "Yaya Haladu, wushirya ce. Ka taɓa ganin an kai mai wushirya wajen likita?"

Shekara tara muna wannan musun. Ni in ce gurguwa, shi ya ce kyakkyawa.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Sallah. Ni na feɗe, babu wanda ya riƙe mini ƙafar rago yana tsokanata da cewa sai na auna naman da rula.

Litinin, 23 ga Yuni

An yi sadakar arba'in. Da jama'a suka watse, Nafisat, matarsa, ta aiko Inna ta kira ni. Tana takaba, saboda haka daga tsakar gida na tsaya, ita tana bayan labule. Ta ce in ta fita takaba a watan Satumba iyayenta za su zo su tafi da ita Roni. Abu ɗaya take roƙo kafin nan: ta sake jin waƙarta sau ɗaya, a kan jitarsa.

Na san waƙar. Tun yana nemanta ya haɗa mata. Bai taɓa kaɗa ta a biki ba, bai yarda an ɗauka a waya ba, wai ta gida ce. Muhammadu Lawal kaɗai ya koya wa, don ya riƙa yi masa amshi. Na ce mata in sha Allahu za ta ji. Na ce zan gyara jitar tas kafin ranar. Ta yi godiya. Ba ta tambayi wane gyara ba, ni kuma ban faɗa ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ruwa tun safe, babu mai zuwa shago. Na goge jitar, na sa sabbin tsirkiyoyi. Idona ya ƙi barin haƙorin nan.

Ban da 'yan gyare-gyaren nan, ban taɓa yi wa Musaddiƙ komai da ya shafi kiɗansa ba sai gori. Ban taɓa zuwa inda yake wasa ba, ko na cikin Kazaure da ake jiyowa daga shagona. Abin da na iya ke nan, in daidaita karkatacce. In Nafisat za ta ji waƙarta, ta ji ta a kan lafiyayyar jita.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na yi shi. Na aro awon daidai daga jitar wani malami a makarantar sakandare, na zare haƙorin da filaya a hankali, na yanka sabon rami. Na kwaɓa gam da garin katako iri ɗaya da na wuyan na cike tsohon ramin, na goge da sanfefa, na bi dukan wuyan da launi. Wallahi ko ni da na yi aikin ba na gane wurin. Na daɗe ban yi aikin da ya yi mini daɗi haka ba.

Na ce a raina, to Musaddiƙ, yau dai na ci musun. Sai kuma na fashe da kuka ni kaɗai a shago, har mai shayin gefe ya leƙo.

Laraba, 6 ga Agusta

An fara cin ɗanyar masara. Inna ta gasa guda uku bisa sabo, sai ta tsaya tana kallon ta ukun.

Lahadi, 17 ga Agusta

Muhammadu Lawal ya zo gwaji da hantsi. Muka zauna a zaure, na haɗa ƙaramar sifikar na rage murya saboda maƙwabta. Ya yaba da sabbin tsirkiyoyin. Ya fara waƙar, ya yi layi ɗaya, ya tsaya. Ya murɗa makunnin ɗaure tsirkiya da ke sama, ya sake. Ya sake tsayawa a wuri guda. Sannan ya ɗaga wuyan jitar ya kai shi haske yana ƙirga haƙoran da yatsa.

Ya dube ni. "Yaya Haladu, ina wushiryar?"

Na ce na gyara. Har da ɗan alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

Sannan ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya. Wai wannan haƙorin yana ba da wata murya da babu ita a kowace jita, ba ta kai ta haƙori na huɗu ba, ta kuma wuce ta na uku. Irin wadda mai gurmi ko mai goge ke samu, su da ba su da haƙora a wuyan abin kiɗansu. A kanta Musaddiƙ ya gina rabin kiɗansa. Shi ya sa mutanen tsallaken iyaka suke aiko masa da gayyata har daga Magarya, shi ya sa tsofaffin Fulani a Gwiwa suke cewa jitarsa tana jin Hausa. Waƙar Nafisat kuwa kowane layi a nan yake sauka.

Na ce to ai bai taɓa gaya mini haka ba. Muhammadu Lawal ya ce ya gaya maka, shekara tara.

Daga cikin gida muryar Nafisat ta fito, ashe tana ji. Ta ce wa Inna, ba da ƙarfi ba, "Wannan ba jitarsa ba ce. Ta wa aka aro?"

Litinin, 18 ga Agusta

Na rubuta awon tsohon ramin kafin in cike shi. Na tabbata na rubuta. Da fensir, a jikin guntun katako, don littafin nan yana gida ƙarƙashin katifa. Na kwashe shago kaf. Sai na tuna duk Asabar ina kai wa Inna guntaye ta hura wuta.

An dafa tuwo da shi tun watan jiya.

Na kai wuyan jitar cikin rana, na sa gilashi, na jiƙa yatsa na shafa. Babu alama. Da ma ni ɗan ha'inci ne irin kafintocin da nake zagi, da gam ɗin ya nuna kansa. Abin da nake tunawa kawai, wajen milimita huɗu ne ko biyar. Ko shida. Muhammadu Lawal ya ce a wajen nan kaurin gashi ma ana ji.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na gaya wa Nafisat gaskiya, daga tsakar gida. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ai niyyar kirki ka yi, Yaya. Da ta zage ni da na samu barci.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Cewa ta yi, "Kai wannan, tun kana yaro in ka ga abu a karkace ba ka da sukuni. Shi kuwa ɗan'uwanka a karkace ma yake kwanciya." Ta yi dariya, ta goge ido da bakin zane.

Na kashe masa murya da hannuna. Babur ya ɗauke shi, ni na ƙarasa sauran.

Talata, 2 ga Satumba

Na zare sabon haƙorin. Na ɗaura siririyar wayar ƙarfe a wuyan a madadinsa, yadda zan iya matsar da ita sama ko ƙasa. Muhammadu Lawal ya turo mini bidiyon bukukuwa guda shida. Janareto, guɗa, masu liƙi, mai sanarwa yana ihu. Can ƙasa ina jiyo shi, amma ni kunnen katako gare ni. Ban san wace murya nake nema ba.

A ɗaya daga ciki an hasko fuskarsa yana dariya. Ban wuce nan ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Kwana goma ke nan ina rufe shago da la'asar. In zauna a tsakar gida, Nafisat tana bayan labule, Inna na tsince wake a tsakaninmu. Muhammadu Lawal ya nuna mini inda zan sa yatsu in fitar da layin farko, wuri biyar ne kacal. In kaɗa, ta ce ba nan ba. In matsa wayar, in kaɗa. Ta ce ya yi ƙasa. In matsa. Ta ce yanzu ya wuce.

Tef yana aljihuna, ba shi da amfani. Ni da nake raina masu aiki da "kamar nan ne".

Jiya ta yi dariya karon farko tun Mayu. Wai yadda nake danne tsirkiya kamar ina kafa ƙusa.

Saura kwana takwas.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na matsa wayar kaɗan, ban ma yi niyya ba, gumi ne ya sa ta zame. Na kaɗa. Na sake kaɗawa, sai ga muryarta daga bayan labule.

"Tsaya, Yaya. Kada ka taɓa."

Ban ko yi numfashi da ƙarfi ba. Na liƙe wayar da salatif ta baya, na ɗauki jitar da hannu biyu na kai ɗaki.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ta fita takaba jiya. Yau da hantsi Muhammadu Lawal ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, a tsakar gida, ita tana zaune a kan tabarma babu labule. Inna ta tashi ta shige madafa tun layi na biyu. Ni na tsaya jikin bango. Ban taɓa sauraron waƙar da kyau ba sai yau. Kowane layi yana zuwa wajen nan ya ɗan rusuna, sannan ya wuce.

Ta yi kuka, ta yi godiya, ta sa mana albarka. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Bayan azahar na kai kayanta tasha. Iyayenta sun riga sun shiga motar Roni. Na miƙa mata jitar a cikin bargon, ta girgiza kai, ta ce ta fi amfani a wajena. Sai ta rage murya.

"Yaya, ban tabbata nan ne ba. Na ga ka gaji ne, yatsunka har jini. Gaskiya na fara manta yadda take. Kwana biyu in na nemi muryarsa ma a kaina, sai in ji tana nisa."

Direba ya yi oda. Na ce a gaida mutanen gida.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ɗakinsu a rufe. Inna ta ce a bar shi haka zuwa bayan kaka.

Ban yanka ramin ba. Zarton na nan, gam na nan, aikin rabin awa ne. Muhammadu Lawal ya bugo yana tambaya, na ce ayyuka sun yi mini yawa. Wayar dai tana nan a ɗaure, na cire salatif ɗin.

Yau ma na rufe da la'asar, don kasuwa babu mutane. Na ɗan zauna da jitar a bayan shago, ba wani abu ba, gwaji ne kawai. Na matsa wayar sama kaɗan, na dawo da ita. Akwai wani wuri da in na kaɗa sai in ji ƙirjina ya amsa kafin kunnena. Na ɗauko tef zan auna, sai na mayar da shi aljihu. Na shiga layi na biyu, ba wanda ya koya mini, ina jin daga ranar Lahadi ya maƙale.

Mai shayi ya ga kan yatsuna na hagu sun yi kanta, ya tambaya. Na ce sanfefa ce.