Mijin Mahasin a Mujallar Masu Jirgin Ruwa

Hayyin Ashir, Alƙahira
Asabar

Zuwa ga Yaya Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya Malam da yara, ya kasuwa? Ni lafiyata lau, sai zafin garin nan da ya sa ko ƙudaje sun rage zirga-zirga.

Yaya, yau yabo na zo yi. Akwai wasu Turawa masu mujalla a intanet, ta masu yawo da jirgin ruwan da iska ke turawa, mutanen da suka ƙoshi har suka rasa abin yi sai bin teku. Allah ya yi musu albarka, sun iya aiki. Shafin nasu kamar ɗakin amarya: da kin buɗe sai shuɗin ruwa ya fara motsi, wani farin tsuntsu ya gifta, a yi miki maraba da Turanci mai laushi. Ga kuma kunya. Duk hoton da kika zo nema sai ya ɓuya, ya bar miki farin fili. Shekarata goma sha biyu ina fatauci tsakanin Kwari da kasuwar Ataba, ban taɓa ganin mai shagon da ya ƙawata ƙofa haka, ya kuma hana ganin kaya ba.

Za ki ce me ya haɗa ni da jirgin ruwa, ni da ko kwalekwalen Wudil ban taɓa shiga ba. Maƙwabciyata ce, Mahasin, wadda ta yi mini lallen da kika yaba a hoton Sallah. Bahaushiyar Sudan ce, 'yar garin Mai Wurno. Mijinta Ya'ƙub ɗinkin shira'i ne sana'arsa, wato babban ƙyallen nan da ake ɗaura wa jirgi iska ta tura shi. Da yaƙi ya iso yankinsu aka loda mata a mota, shi ya tsaya gadin rumfarsa, ya ce zai biyo baya. An haura shekara ke nan, shiru. Watan jiya wani mutumin garinsu ya iso ya ce ya ga rumfar ta zama toka, an kuma ce masa da mai ita a ciki. Sai ƙanen mijin, Harun, ya tara manya suka yanke: Juma'ar nan mai zuwa a yi addu'a, a yi sadaka, Mahasin ta shiga takaba.

To, ran Laraba ta je unguwar Ma'adi yi wa wata madam lalle. Mijin madam yana gefe da kwamfutarsa yana kallon wannan mujalla. Mahasin ta ɗaga ido ke nan sai ta ga hoton wani mutum mai kama da Ya'ƙub zaune a ƙasa, ƙyalle bisa gwiwa, yana ɗinki. Kafin ta miƙe da lalle a hannu, mijin madam ya wuce shafi na gaba, wayarsa kuma ta kira shi. Ya dai yi kirki ya rubuta mata adireshin mujallar a bayan wata takarda. Washegari suka tafi hutu bakin teku, madam kuma ba ta ɗaga wayar mai lalle idan ba biki ya taso ba.

Takardar ta kawo mini, don an san ni ce mai boko a benenmu. Aji uku na sakandare ba wasa ba ne a inda babu. Na buɗe a wayata, rubutu ya hau kan rubutu kamar lodin motar Dawanau, hotuna kuma fari fat. Sai wani ɗan akwati ya fito yana ba ni haƙuri, wai burauzata ta tsufa. Burauza, Yaya, ita ce manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita. Na ce to a sabunta. Waya ta ce ita ma ta tsufa, ba za ta iya ɗaukar sabuwar ba. Ni da waya muka kalli juna, tsofaffi biyu.

Mahasin ta ce ba za ta zauna takabar mutumin da ta gani yana ɗinki ba. Kwana shida gare mu. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida Malam da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sabuwa

Hayyin Ashir
Talata

Yaya Fiddausi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, kuma kin daina shan maganin mutumin nan mai lasifika. Mu dai muna nan, mun zaga Alƙahira da takarda ɗaya kamar masu neman biza.

Ran Lahadi muka sami Malam Zainulabideen, ɗan Zariya da ke karatun shari'a, mai sabuwar waya da ladabi fiye da kima. Ya buɗe shafin, ya ce bari ya juya wa baiwar Allah shi zuwa Larabci don ta karanta da kanta. Ya danna, rubutu ya koma Larabci tsaf. Hoto kuwa sai ya zame gefe, ya bar mana ɗan yanki: gwiwa ɗaya, hannaye biyu, allura da farin ƙyalle. Kan mutumin yana can wajen allo inda yatsa ba ya kai wa. Muka karkata waya, muka juya ta, muka ja da yatsa biyu. Kai ya ƙi shigowa.

Mahasin ta ce hannunsa ne. Ta ce shekara ashirin tana zuba wa hannun nan ruwa kafin cin abinci, ba zai ɓace mata ba. Harun ya zo ya duba, ya daɗe yana duba, sannan ya ce yā Mahasin, hannu hannu ne, duk mai ɗinkin shira'i daga Sinnar har Iskandariya haka nasa yake. Kada ki ɗauka mugu ne. Mutumin nan shi ke ɗawainiyar gida biyu da aikin gini, kuma na ga idonsa lokacin da yake maganar. Ya gaji da jira ne, yana so ya yi kukan yayansa sau ɗaya ya huta.

Kafin la'asar ɗalibai huɗu sun cika falona suna muhawara ko hoton hannu zai iya zama shaida. Ɗaya ya ce ƙarina ce, wato alama kawai, ba bayyina ba. Ɗaya ya ce sai an ga wanda ya ɗauki hoton an tabbatar adali ne. Na ce Malam, Bature ne mai gajeren wando, a ina za ka samo masa adalci kafin Juma'a? Suka shanye mini shayi tulu biyu, suka tashi a kan cewa mas'alar tana da saɓani.

Jiya muka hau mikrobas zuwa Abbasiya, shagon kwamfuta inda ɗalibai ke buga takardu. Mai shagon ya gan mu da mayafi, ya ce tamam, yanzun nan zai mayar mana da shi Larabci. Sakamako ɗaya: gwiwa, hannu, allura. Ya gwada wata burauzar, ita kuma ta ce ba ta san wannan mujalla ba sam. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Kalmar nan, Yaya, da ana dafa ta da babu mai kwana da yunwa a Masar.

A hanyar dawowa Mahasin ta zauna kusa da ni. Ta riƙe takardar har gumi ya fara cinye rubutun, na karɓa na kwafe a bayan hannuna da biro.

Bari in gaya miki abin da ban gaya mata ba. Ni ma zuciyata ta fi karkata wajen Harun. Mace idan ta ƙosa ta ga mutum, a jikin bango ma za ta gan shi. Amma na yi takabar Alhaji wata huɗu da kwana goma, kin sani, ke kika zauna da ni. Abin da ya riƙe ni shi ne na gan shi da idona kafin a ɗauke shi. Ita fa me za ta riƙe? Labarin wanda aka ba labari. Don haka ko ba shi ba ne, gara ta ga fuskar ta tabbatar ba shi ba ne.

Gobe zan sa abayar nan mai duwatsu da zoben gwal ɗina. Akwai titin da ake sayar da wayoyi, Shari'a Abdul'aziz. Ba saye zan je yi ba, amma su ba su sani ba.

A gaida yara.

Taki,
Sabuwa

Hayyin Ashir
Asabar

Yayata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam. Idan a tsaye kike ki nemi kujera, ƙafarki ba ta son doguwar wasiƙa.

Ran Laraba na shiga shago mafi walƙiya a titin, Mahasin a bayana kamar mai riƙe mini jaka. Na taɓa wannan na yatsine, na taɓa waccan na ce ta yara ce. Mai shago ya ce yā hajja, ya kawo kujera, ya aika a kawo lemo, ya ciro wadda ke cikin gilashi. Na ce ni ba na sayen waya sai na gwada ta da abin da nake karantawa, ni mai sha'awar jiragen ruwa ce. Bai ko ƙifta ido ba. Ɗan kasuwa ne na gaske, da na ce ina kiwon kada a banɗaki ma tamam zai ce.

Ya rubuta adireshin daga bayan hannuna, inda nake sabunta shi bayan kowace alwala. Kin san tun a Kwari ba fuskar mai awo nake kallo ba, yatsansa nake kallo. Shafi ya buɗe, kuma wallahi na ga hoto ya cika allo, ƙiftawar ido ɗaya. Sai babban yatsansa ya tafi kan ɗan akwatin da ke tambaya ko a fassara, ya danna, rubutu ya tashi daga hagu ya koma dama, hoto ya bi shi ya faɗa gefe. Gwiwa, hannu, allura.

Na ce ya sake. Da yatsan ya ɗago sai na damƙe masa wuyan hannu ta saman riga, na ce khalas, ya isa, bar shi a Turancinsa.

Ashe duk kwanakin nan kirki ne ke cutar mu. Duk wanda ya ga Mahasin sai ya tausaya ya juya mata shafin zuwa Larabci. Su kuma masu mujallar, da iliminsu, ba su taɓa tunanin akwai masu karatu daga dama ba, don haka da rubutu ya juya sai hotunansu su kama hanyar da ba allo. Tawa wayar tsufa ne ya kashe ta, amma sauran duk ladabi ne.

Ga mutum zaune a inuwar jirgi, ya rame, gemu ya yi fari, hula ta karkace. Mahasin ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasan shagon mutane, ta ce ya bar hular nan a karkace har yanzu. Na haɗa harafi da harafi na karanta abin da ke ƙasan hoton: sunansa da irin rubutun Turawa, mai gyaran shira'in faluka, wato ƙananan jiragen iska na kogi, a gaɓar yamma ta Aswan can kudancin Masar, an ɗauka a watan Fabrairun bana. Wata bakwai bayan ranar da aka ce ya ƙone.

Mai shago ya gane ba ciniki a tafiyar. Ya dube ni, ya dubi matar da ke ƙasa, sai ya ɗauki hoton allon ya tura mana, ya ƙaro lemo. Na ce masa zan yi shawara a kan wayar. Ya ce Allah ya sa mu ga ranar, yā hajja.

Harun da ya gani, bango ya juya wa fuska, muka ba shi wuri. Da ya juyo shi ne ya fi kowa sauri. Ya san wani direba mai kai siminti Aswan, ya tura masa hoton, direba ya bi masu faluka ɗaya bayan ɗaya. Ran Alhamis bayan la'asar wayar Harun ta yi ƙara. Ina tsaye a ƙofa, na ji muryar tsoho tana cewa wa ke magana, na ja ƙofar na bar su.

Jiya Juma'a an taru kamar yadda aka shirya, an ci shinkafar da aka shirya, addu'ar ce kawai malamai suka canja. Yau da safe na raka ta tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, za ta Aswan. Ta ɗauki kwalbar turaren wuta da sabuwar hula, ta bar mini makullinta da tukunyar lalle. Ban san ko can za su zauna ko nan za su dawo ba. Mutumin ba shi da takardun zama, kuma ƙirjinsa na damunsa, amma wannan matsalar masu rai ce, an saba da irinta.

A tasha ne ta gaya mini dalilin shirunsa. Wayarsa ta ƙone a rumfar, lambobi duk suka tafi. Da ya fito daga ɓuya sai wani ya ce masa motar matan ba ta kai iyaka ba, babu wadda ta tsira. Ya yi kukansa, ya yi mata addu'ar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Da ya sami aiki a Aswan kuma duk Juma'a sai ya raba gurasa da sunanta.

Ki gaida Malam da yara, ki ce wa 'yan shago baƙaƙen abayoyin na nan tafe. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sabuwa

Af, tunda Malam na kusa da ke, tambayar mini shi, don ɗaliban nan sai sun shanye mini shayi kafin su ce akwai saɓani. Ladan gurasar nan da aka yi ta rabawa da sunanta tana nan tana yi wa matan Ma'adi lalle, ajiye mata za a yi sai ranar ta zo, ko kuwa sai ya sake sabon lale?